Inda Waƙar Bawa Ke Sauka

Yamai, 15 ga Afrilu 2024

Zuwa ga Gwaggo Ruƙayyatu Kailu, a Ɗangawo ta Filinge.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Barkanku da Sallah. Yaya jikin Kaka Kailu, tarin nan ya sake shi? Yaya yaran lakwal, 'yan makarantar nan taki masu sa ki ɗaga murya tun da safe? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Tun da har yanzu ba a gyara eriyar wayar garinku ba, na ba Hamidu direba wannan takarda. Ya ce ranar Lahadi, a kasuwar Filinge, ba zai rasa mai zuwa wajenku ba.

Da na zo a watan Fabrairu ban san ko za ku karɓe ni ba, tun da kakata Hamida da Kaka Kailu 'ya'yan wa da ƙane ne kawai, ni kuwa ban taɓa taka ƙasarku ta Kurfai ba. Sai ga shi kun shimfiɗa mini tabarma, Kaka ya sauko da gangarsa ya rera mini waƙar Bawa a zaure, na ɗauka a waya. To, ki gaya masa jikan Hamida bai kunyata shi ba. Na kai waƙar makarantarmu ta kiɗa, na ɗora mata fiyano da gita, ta fi ta kowa a ajinmu. Wani abokina da ke aiki a rediyon da kuke kamawa ya karɓe ta.

Bari in ɗan yi miki burga da karatuna. Kowace waƙa tana da sauti guda da kunne ke hutawa a kansa, da Faransanci muna ce masa tonik. Waƙa ta yi yawonta, ta hau ta sauka, amma can take komawa. Daga kansa ake ƙirga duk sautukan da za a haɗa a raka murya, in an same shi an sami komai. Malaminmu Bashir, wanda muke kira Mushe Bashir a Faransance, ya koya mana hanya mai sauƙi: ka dubi inda mai waƙa ke ajiye murya a ƙarshen kowane baiti. Kaka kuwa wuri guda yake ajiyewa kullum, ko sau ɗaya bai kauce ba. A kan wannan sautin na gina komai, sai waƙar ta fito da wani irin baƙin ciki mai daɗi. "Ina Bawa yat tahi, ba mu gan shi ba." Wata 'yar ajinmu har ta yi hawaye. Wane ne wannan Bawa, ɗan'uwansa ne da ya rasu?

Wuraren da Kaka ke tsayawa yana numfashi bayan kowane baiti duk na yanke su, na haɗe muryar ta tafi sumul. In ya ji zai ɗauka ya koma ɗan shekara arba'in.

Ɗanki,
Zaidu

*

Ɗangawo, 12 ga Mayu 2024

Ɗana Zaidu,

Na amsa gaisuwarka, ka gaida innarka. Muna lafiya, sai dai tarin Baba yana nan, kuma ƙafafunsa sun fara kumburi. Yaran lakwal suna nan yadda ka san su, kan nan kamar dutse.

Takardarka ta zo, na karanta wa Baba har wurin tonik ɗinka. Ya yi dariya ya ce ashe har sai an je lakwal kafin a san waƙa tana da gida. Ya sa na sayo sabon batir don rediyo, ya aika aka kira abokinsa Ibrah, wanda suka yi noma tare tun suna samari. Kwana huɗu suna zaune gindin bishiyar bedi suna jiran jikan Hamida.

Ranar Alhamis da hantsi aka sa ta. Ba zan ɓoye maka ba, ni da farko ta yi mini daɗi, don na ji muryar ubana tana fitowa daga akwati. Da na juya sai na ga Baba ya sunkuyar da kai, Ibrah kuma yana buɗe baki yana rufewa kamar wanda aka ƙwace wa loma. Ta kai ƙarshe. Can Baba ya ce, "Wagga ba tawa ba ta." Ya tashi ya shiga ɗaki, ya rataye gangar can sama inda hannunsa ba ya kaiwa sai da kujera.

Abin bai tsaya nan ba. Mutanen rediyo sun ji ta yi kama da makoki, yanzu ita suke sawa kafin sanarwar rasuwa. Kowace safiya sai mu ji Baba yana neman Bawa, sannan a ce an yi rashi a Bonkuku ko a Damana. Ranar kasuwa wata mata ta tare ni tana yi mini ta'aziyyar Bawa. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Na tambayi Baba abin da zan rubuta maka. Ya ce, "Ki ce mishi shi taho. Abin ba na takarda ba na." Ka san halin tsofaffi, ba su warware magana. Ni dai na isar.

Gwaggonka,
Ruƙayyatu

*

Yamai, 26 ga Mayu 2024

Gwaggo,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara wa Kaka sauƙi. Ki sa ya rage gishiri saboda ƙafafun.

Na karanta takardarki sau uku, kunya ta rufe ni. Kaka yana da gaskiya da ya ce ba tasa ba ce, don na bincika na tarar sunana kaɗai suke faɗa. Wannan laifina ne, ban ja kunnensu ba. Na je da kaina na gyara. Daga wannan makon za su riƙa cewa, "Waƙar Kailu na Ɗangawo, makaɗin Kurfai." Ki kunna masa ya ji sunansa, na tabbata zai sauko da gangar.

Zancen sanarwar rasuwa kuwa, kada ya dame ku. Ai girmamawa ce, ba kowace waƙa ake ba wannan matsayi ba. Kuma ba ni na sa mata baƙin cikin ba, a jikinta yake. In ka tsaya a kan tonik ɗinta ka ƙirga sama, tazarar sauti na uku gajeruwa ce, irin wadda ke sa zuciya ta yi sanyi. Wannan lissafi ne, Gwaggo, ko Mushe Bashir ya duba ya yarda. Wani lokaci mai waƙa ba ya sanin zurfin abin da ya haifa sai wani ya nuna masa.

Zuwa kuwa ina so, amma muna shirin jarrabawa, ga kuma halin da hanya take ciki. In an yi hutu zan duba.

Ɗanki,
Zaidu

*

Ɗangawo, 30 ga Yuni 2024

Zaidu,

Muna lafiya. An yi Layya lafiya, ruwa ya sauka, an yi shuka, hatsi ya fito. Baba ba ya iya zuwa masallaci sai an riƙe shi.

Na bar takardarka wata guda ban amsa ba, don da na amsa a ranar da ba za ka sake kirana gwaggo ba. Wa ya ce maka suna yake nema? Da can yana samun sauƙi, yana cewa ai ba wanda ya san shi ne. Yanzu ka sa kowace safiya ana kiran sunansa da na garinsa a kan abin da yake jin kunyarsa. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Wurin da ka ce mai waƙa ba ya sanin abin da ya haifa kuwa, tsallake shi na yi, ban karanta masa ba.

Ni ma ina da nawa laifin. Na girma ina jin waƙar nan, amma sai da na zaunar da Ibrah ya warware mini na gane abin da ya ɓace. Saurara, ɗan lakwal.

Babu wani Bawa da ya mutu. Waƙar gayya ce. In mutum ciyawa ta fi ƙarfinsa sai ya kira gayya, maza su jeru a gonarsa da hauya, makaɗi yana gabansu da ganga. Baba ya ce, "Ina Bawa yat tahi, ba mu gan shi ba?" Sai su duka su amsa, daidai lokacin da hauya ke shiga ƙasa, "Shina gindin gawo, shina shan hura." Ya ce, "Ya bar gona, wa ka kai mishi labari?" Su ce, "Ciyawa ta kai mishi." Bawa shi ne duk raggon da ya sulale daga layi. Ana yin ta ana dariya, wanda ya gaji ya ji kunya ya miƙe. Wannan ce waƙar da 'yar ajinku ta yi wa hawaye.

Shirun da ka yanke ba numfashi ba ne. Wurin amshi ne. Baba ya bar shi a buɗe ko da yake shi kaɗai ne a zaure, don shekara hamsin bakinsa ya saba jira. Na tambaye shi me ya sa bai gaya maka ba, sai ya ce, "Wa ka hwaɗa ma mutum rijiya na da gindi? Na aza ya sani." Ga sauran maganarsa, na rubuta yadda ya faɗa:

"Ki ce ma jikan Hamida, inda nika aje murya ba gida ba na, bakin ƙohwa na. Makaɗin noma ba shi kai kainai gida. In na kai kaina, mi ad dalilin da za su buɗa baki? Ni kan tsaya bisa, in bar ta rataye, ta dame su, sai su sauko da ita ƙasa tare da hauya. Can inda sunka aje ta, nan a gida. Shi ko ya iske ni bakin ƙohwa ya gina man ɗaki nan, ya rufe ni ciki."

Ka ji. Tonik ɗin da kake nema ba ya cikin muryar Baba ko kaɗan, yana bakin mutanen da ba su zo zaure ba ran nan.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. An fi shekara goma ba a yi gayya a Ɗangawo ba. Samari sun tafi cin rani, waɗanda ke nan ba su san amshin ba, kuma mutane suna tsoron taruwa a daji. Waɗanda suka iya shi saura bakwai, duk tsofaffi. Ibrah ya bi su gida gida, sun yarda za su jeru a gonarsa ta bayan gari a noma na biyu, ranar Asabar 27 ga Yuli. Baba ya sa an sauko da gangar, an sake mata fata. Ya ce zai yi ta sau ɗaya don ka ji da kunnenka inda take sauka, ka je ka gyara, ya ji ta daidai a rediyo kafin ya tafi. Haka ya faɗa, kafin ya tafi, kuma ba mutum ne mai irin wannan magana ba.

Daga Yamai zuwa nan ba ta kai tafiyar yini ba. Hamidu yana bin hanyar kowane mako, bai fi ka rai ba.

Ruƙayyatu

*

Yamai, 21 ga Yuli 2024

Gwaggo,

Ina gaishe ku, ina gaida Kaka da Baba Ibrah, in za su amsa.

Ban san da wane baki zan fara ba. Da na gama karanta takardarki na tafi ɗakin fiyano na makaranta, na sa muryar Kaka, na cire duk abin da na ɗora mata. A ƙarshen baiti na tsayar da ita, na taɓa sautin da ke ƙasa da nasa da taki ɗaya. Gwaggo, ki ji abin da ya faru. Waƙar ta buɗe, ta koma mai fara'a, har ana jin tsokanar a ciki. Sautukan nan dai su ne, ko ɗaya bai canza ba, wurin da na tsaya ina kallonsu ne ba daidai ba. Na ɗauki maƙwabcin gida na ce shi ne mai gida, duk sauran lissafin ya bi shi ya karkace. Na kai wa Mushe Bashir, ya saurara, sannan ya ce dokar da ya koya mana ta mai waƙa shi kaɗai ce.

Amma zato nake yi. Ko taki ɗaya ne, ko su kan zarce ƙasa su dawo, ban sani ba. Kuma dole in gaya miki abin da ya fi ci mini rai. Na nemi ɗaukar farko, mai shirun a ciki, babu ita. Na goge ta tun a watan Maris don wayata ta cika. Ko tsawon shirun ban sani ba yanzu.

Na roƙi mutanen rediyo su daina sa ta, sun ce jama'a sun saba, in aka canza za a yi ƙorafi. Zan ci gaba da bin su.

Ranar 27 ga wata ita ce ranar da ajinmu zai yi wasan ƙarshen shekara gaban malamai, ni ne a kan fiyano, in ban zo ba shekarar ta tafi. Ki roƙar mini Kaka da Baba Ibrah su ɗaga mini mako biyu kacal. Ranar 10 ga Agusta ina nan tafe da na'urar ɗauka mai kyau ta makaranta. Ki ce wa Kaka jikansa ya ji, ya kuma tuba. In ya ga dama ya sa ni gaban layi ya kira ni Bawa yini guda.

Ɗanki,
Zaidu

*

Ɗangawo, 15 ga Satumba 2024

Ɗana Zaidu,

Na san labari ya riga wannan takarda isa gare ka, tun da kai ma kana jin rediyo. Baba ya rasu ranar Talata 27 ga Agusta, bayan azahar, a ɗakinsa, ina riƙe da hannunsa. Allah ya jiƙansa. Mun ga saƙon ta'aziyyar innarka, mun gode.

Takardarka ta 21 ga Yuli ba ta same ni ba sai 18 ga Agusta. Ruwa ya cinye hanya, Hamidu ya yi mako uku bai zo ba, ita kuma tana aljihun motarsa. Hamidu ya ce ranar 10 ka zo tasha da kayanka ka tarar babu mota. Na yarda. Ina gaya maka ne don ka san mu a nan ba mu san ka nemi a ɗaga ba, shiru kawai muka ji.

Ranar 27 ga Yuli tun da sassafe Baba ya sa aka zaunar da shi bakin hanya. Da rana ta take ba ka zo ba, ya ce a jira Asabar mai zuwa. Ibrah ya yarda, alhali ciyawa tana cin gonarsa. Asabar ta biyu ma haka. Ta uku Ibrah ya zo ya durƙusa ya ce, "Kailu, hatsi ba shi san jiran baƙo ba." Baba ya ce a ɗauko amalanke.

A kan amalanken jaki ya yi ta, a zaune, gangar a cinyarsa. Su shida suka jeru, don ɗaya ya kwanta ciwo. Muryar Baba ba ta kai rabin ta da ba, sai da suka matso kusa. Amma da ya ce ina Bawa ya tafi, tsofaffin nan suka sauke hauya suka amsa da murya ɗaya, sai na ga ya rufe ido yana murmushi. Sun nome kunya huɗu ta gonar suka gaji, suka zube gindin gawo suna shan furar da na kai, suna nuna juna suna cewa ga Bawa nan. Na yi shekaru ban ga Baba ya yi dariya irin ta ran nan ba. Babu wanda ya ɗauka. Wayata ta daɗe a cikin akwati tun da ba ta da amfani a nan, kuma wallahi ban tuna da ita ba sai da muka dawo gida. Wannan nawa ne, zan daɗe ina jin sa.

Takardarka ta same shi da sauran hankalinsa, na karanta masa duka, ban tsallake komai ba. Da na zo wurin taki ɗaya ya ce, "Ya kusa." Da na zo wurin Bawa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya ce, "Ki ce mishi ban yi hushi ba. Yaro ya zo neman dangi, ni ko na ba shi rabin waƙa na sallame shi. Da na aika an kira Ibrah ran nan, da duk wanga bai hwaru ba." Ya so ya ji ta daidai a rediyo, bai ji ba.

Washegarin rasuwar muna zaman makoki, wani ya kunna rediyo don a ji ko sun faɗa. Suka sa ta, suka kira sunansa sau biyu, ɗaya na mai waƙa, ɗaya na mamaci. Da muryarsa ta kai ƙarshen baiti na ga tsofaffin nan sun ja numfashi za su amsa, ba shawara suka yi ba, jiki ne ya saba. Kafin su buɗe baki fiyanonka ya shigo, baiti na biyu ya hau kan na farko. Ibrah ya gwada sau uku, sannan ya ce a kashe.

Ka tambayi taki nawa ne da tsawon shirun. Ban iya ƙirgarku ba. Ibrah ya ce tsawonsa sara ɗaya ne da ɗaga hauya, kuma ba a aunawa a zaune. Ya ce in ka zo baɗi zai tsayar da kai a layi, ya ajiye maka hauya. Sai dai Ibrah ya ba tamanin baya, kuma cikin shidan nan wani ya bi ɗansa zuwa garin Abala. Baba ya bar maka gangar, tana rataye inda ka fara ganinta.

Ni ban hana kowa kunna rediyo ba, don nan kaɗai muryarsa ta rage. Da safe in ina dama kunu aka sa ta, nakan kai hannu in rage murya a ƙarshen baiti, in ba shi amshinsa ni kaɗai, ko da yake ba aikin mata ba ne. In na buɗe sai in tarar Baba ya yi gaba, bai jira ni ba.

Gwaggonka,
Ruƙayyatu Kailu